Cocin Navrongo: ginin ƙasa da ya haura shekara 100 yana tsaye

Duk damina muna jin labarin ɗakunan ƙasa da ruwa ya kayar, har wasu na cewa ginin laka ya zama tsohon yayi. To, yau bari mu leƙa arewacin Gana, garin Navrongo kusa da iyakar Burkina Faso, inda wani cocin Katolika na tubalin ƙasa ke tsaye tun 1920.

Tarihinsa ya faro a 1906, lokacin Navrongo na ƙauyen manoma na ƙabilar Kasena. Wasu limaman Katolika da ake kira Pères Blancs, saboda fararen rigunansu, suka taso daga Wagadugu. A lokacin gwamnatin Faransa na takun saƙa da coci, shi ya sa suka nemi wurin zama a ɓangaren da Ingila ke mulki. Sun fara da ɗan ƙaramin ɗakin ibada. Da mabiya suka ƙaru, aka tayar da babban ginin.

Mutanen garin ne suka kwaɓa ƙasa, suka buga tubali, suka shanya shi a rana. Tsawon ginin ya kai kusan mita 60, faɗinsa 14, ga hasumiyar ƙararrawa daga gaba. A ciki, ginshiƙai jeri biyu ne ke riƙe da rufin. Bangon na da kauri, don haka ko rana ta take, cikin da sanyi.

Ƙasan cocin kuwa daɓe ne na tsakuwa da kashin shanu da ruwan ɓawon ɗorawa. Kun ga ke nan, makubar da iyayenmu mata suka sani ce.

A shekarun 1970 matan ƙauyen Sirigu suka ƙawata cikin da zane irin na gidajensu, da jar ƙasa da baƙa da fara. Suka haɗa siffofin dabbobi da zanen gargajiya da labaran addinin Kirista. A 2000 Gana ta sa cocin cikin wuraren da take so UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a 2006 kuma fadar Paparoma ta ba shi matsayin ƙaramar basilika.

Me ya sa bai faɗi ba? Kulawa ce. Rufin kwano na kare kan bangon, ana sabunta yaɓe, ana toshe tsaga tun tana ƙarama. Haka mutanen Agadas ke yi wa hasumiyar masallacinsu.

Don haka mai ɗakin ƙasa, tun kafin hadari ya haɗo, duba indararo, gyara yaɓe, ka janye ruwa daga gindin bango. Ƴan uwa da ke ci-rani kuma, in za ku aiko da kuɗin gyara, ku aiko tun da rani. Allah ya ba mu damina mai albarka.