Me Ya Sa "Zuma.txt" Ke Rigan "albasa.txt" A Jerin Fayiloli?

Mai amfani da Linux kan buga umarnin `ls` a kwamfutarsa, ya ga albasa.txt a sama, Zuma.txt a ƙasa, kamar jerin ƙamus. Sai ya shiga wata sabar ya buga umarnin nan dai, ya tarar Zuma.txt ta haye sama. Babu abin da ya lalace, ƙa'idar jerin ce ta bambanta.

Kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. A tsarin ASCII, manyan haruffa A zuwa Z suna da lambobi 65 zuwa 90, ƙananan kuma 97 zuwa 122. In aka jera bisa lamba, babban Z zai riga ƙaramin a. Shi ya sa aka saba sa wa fayiloli sunaye irin su README da Makefile, don su fito a saman jeri.

Abin da ke zaɓar ƙa'idar shi ne saitin harshe mai suna LC_COLLATE. Idan yana kan C ko POSIX, lamba ake bi. Idan yana kan en_US.UTF-8, ana bin tsarin ƙamus, manya da ƙanana a gauraye. Umarnin `locale` yana nuna wanda ke aiki.

Mai son manyan haruffa su fara zuwa sai ya buga `LC_ALL=C ls`. Mai son a yi watsi da bambancin babba da ƙarami kuwa, `ls | sort -f` ya ishe shi.

Batun ya wuce kyan gani. Umarnan `comm` da `join` suna buƙatar fayilolin da aka jera da ƙa'ida ɗaya, in ba haka ba sakamakon na iya fitowa ba daidai ba. Haka nan a Bash da ya gabaci sigar 5.0, `rm [a-z]*` na iya goge har da fayilolin da suka fara da babban harafi, gwargwadon saitin harshe.

Masu rubutun Hausa ma abin ya shafe su: lambar ƙ a Unicode 409 ce, don haka a saitin C, ƙasa.txt sai bayan zuma.txt.

Duk mai rubuta umarnan da za su yi aiki a kwamfutoci daban-daban, gara ya sa `export LC_ALL=C` tun daga farko, kuma ya gwada da `ls` kafin ya buga `rm`.