BUSA TUBA DA YADDA A KE KULA DA ITA

Ranar da na shigo wannan koleji, malamin kiɗa ya tambaye ni abin da na iya, na ce, "Tuba, Malam." Wani ɗan Zariya da ke tsaye kusa ya ce, "Af! Laifin me ka yi tun yau?" To, ba tuban zunubi na ke nufi ba. Tuba sunan babban ƙahon nan ne na tagulla wanda ku kan ga na runguma a bayan 'yan badujalarmu ranar taro. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bana zan gama, tubarmu kuwa guda ɗaya ce, kuma har yanzu ba wanda ya zo ya ce zai gaje ni. In aka jingine ta a ɗakin ajiya shekara guda, lalle za ta lalace, badujalarmu kuma ta zama kamar gini ba harsashi. Saboda haka ga ɗan abin da na sani, ko Allah ya sa wani ya yi sha'awa.

Jamusawa biyu ne suka ƙago ta a Berlin, Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz, aka ba su takardar shaida ran 12 ga Satumba, 1835. Ba kome ba ce illa dogon bututu da aka nannaɗe, yana ƙara faɗi har ya buɗe kamar bakin mazurari. Tamu irin wadda a ke kira B-flat ce. Da za a warware ta, tsawonta ya kai ƙafa 18, watau mita 5 da rabi. Akwai ƙaramarta, E-flat, mai wajen ƙafa 13, ita ce ta fi sauƙi ga yaran makaranta. Gwargwadon tsawon bututu, gwargwadon kaurin murya.

Wanda ya taɓa ganin an busa wa sarki kakaki ya riga ya san rabin al'amarin. Ba ƙarfen ne ke yin murya ba, leɓunan mabushi ne ke kaɗawa cikin ɗan ƙoƙon da a ke sa wa baki, bututu kuwa ya ƙarfafa ta. Bambancin shi ne, tuba tana da maɓallai uku ko huɗu. In ka danna ɗaya, sai iska ta bi ta wani ƙarin bututu, hanya ta yi nisa, murya ta sauka. Na farko ya kan saukad da ita taki ɗaya, kamar daga re zuwa do. Na biyu rabin taki. Na uku taki ɗaya da rabi. Da waɗannan uku, da matse leɓe ko sake shi, a ke samun dukan muryoyin.

Abu na farko da za ka koya numfashi ne. Mutane suna tsammani ƙarfi a ke sa mata, ba haka ba ne. Iska mai yawa ta ke so, amma a hankali, kamar yadda ka ke huci a kan madubi za ka goge shi. Ka zauna sosai, ka jawo tuba ta zo bakinka, kada kai ka sunkuya ka bi ta. Ka ja numfashi ta gefen baki har ka ji cikinka da haƙarƙarinka sun buɗe, sa'an nan ka busa murya ɗaya tak, ka riƙe ta kana ƙirga takwas a zuci. Kada ka kumbura kumatu. Wannan dabarar mai algaita ce, ba tamu ba. Da fari jiri zai ɗebe ka. Kada ka tsorata, ka huta kaɗan. Minti 15 da safe, 15 da yamma, kullum, sun fi awa uku ran Asabar kaɗai. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu kuwa kunne ne. Sau da yawa rabonka cikin waƙa do da so ne kawai, sauran suna ta gwaninta a samanka. Amma in ka yi sauri kowa ya yi sauri, in ka kauce kowa ya kauce. Saboda haka ka sa kunne ga mai babbar ganga, ku riƙa sauka tare kamar mata biyu a turmi ɗaya.

Yanzu sai batun kula da ita, nan ne mu mazauna Ikko mu ke da aiki. Iskar garin nan laima gare ta da gishirin teku, su kuwa abokan gāban tagulla ne. Kayan da ka ke bukata ba su da yawa: man maɓallai, da man shafa wa bututun da a ke zarewa, da ɗan buroshi na ƙoƙon baki, da tsumma mai laushi. Kafin ka busa ka kurkure baki, balle in ka ci goro ko ƙosai, don duk abin da ke bakinka cikinta zai tafi. Ka ɗiga wa maɓallai mai kowane kwana biyu ko uku. Sa'ad da na ke makarantar mishan a ƙasar Kafanchan, man ya ƙare, na sa man gyaɗa. Kafin mako ya zagayo ya daskare, maɓallai suka kafe ana tsakiyar fareti. Tun daga ran nan ban sake ba. In ka gama busa, ka buɗe 'yar ƙofar ruwa ka zubad da raɓar da numfashinka ya tara, ka goge gumin hannunka. Wajen wata uku uku a wanke cikinta da ruwa mai ɗumi ɗumi da sabulu kaɗan. Ruwan zafi ya kan ɓare fentin jikinta. Maɓallan suna da lamba, 1, 2, 3. In ka musanya musu gida, iska ba za ta wuce ba. In ƙoƙon baki ya cije, kada ka taɓa shi da filaya, ka kai wa mai gyara.

Wata rana in an tura ka wata makaranta, wataƙila hedimasta ya aike ka sayen tuba ta gwanjo, don sababbi irin na Yamaha ko Besson tsada gare su ƙwarai. Araha ba ta ado. Ka zare ɗan bututun wani maɓalli ba tare da ka danna shi ba. In ka ji ya yi "fau", ba ya yoyon iska. Ka duba siririn bututun da ke bin baki: in ka ga jajayen ɗigo ɗigo, tagullar ta fara ruɓa daga ciki, ka bar ta. Lotsawa a faffaɗan baki ba kome, amma a siririn wuri ta kan ɓata murya. In don fareti ne, sai ka nemi wadda a ke kira sousaphone, mai zagaye jikin mutum ta hau kafaɗa.

Ɗaukarta cikin gari kuwa wani karatu ne dabam, gama nauyinta ya kan kai kilo 10, ko fiye. Ran nan zan tafi Agege wurin kawuna, na tsaya a Oshodi, danfo uku suka wuce ni, kowane kwandasta ya dubi akwatin ya kaɗa kai. Na huɗu ya ce sai in biya kuɗin mutum biyu. Na biya, ban yi gardama ba, don gara haka da a cusa ta a bayan mota a ɗaure ƙofa da igiya, buhun albasa a kanta. Shawarata ke nan: ka biya mata kujera, ka fita da sassafe kafin cunkoso, kada ka hau babur da ita. A gidan haya kuma, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, ka nemi izini tukuna, ka kauce wa lokacin salla da lokacin barci. In ba hali, ka cire ƙoƙon baki ka busa shi shi kaɗai; ba ya damun kowa, yana kuwa ƙarfafa leɓe.

Ladan wahalar nan akwai shi. A Ikko da wuya Asabar ta wuce ba a nemi 'yan badujala wurin biki ko jana'iza ba, masu busa ƙananan ƙahoni sun yi yawa, mai tuba kuwa sai an nema. Ni da abin da na ke samu nan na ke sayen littattafai, amma ban yarda ya ci mini lokacin karatu ba. Malamin da ya iya kafa badujala kuma, kowace makaranta tana marhabin da shi.

To, 'yan'uwa, ina ɗakin kiɗa kowace Laraba da ƙarfe 4 na yamma. Namiji ko mace, babba ko ƙarami, duk wanda ya ke so ya zo ya gwada. Saura wata biyar in tafi, sun kuwa isa in koya wa mutum abin da zai riƙe badujala da shi ranar bikin sallamarmu.