Yaro Ya Shiga Ƙaramar Sakandare: Abin da Ya Hau Kan Iyaye

A duk shekara, idan watan Satumba ya kama, gero ya nuna a gonakin Gwiwa da Roni, sai ka ga yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha uku, maza da mata, sanye da sababbin kayan makaranta waɗanda tela ya yi wa yalwa domin su kai shekara uku, sun nufi ƙaramar sakandare a karo na farko. Galibin iyaye suna ɗaukar wannan mataki kamar aji bakwai ne na firamare, wato an sauya riga kawai amma al'amari yana nan yadda yake, alhali kuwa tsakanin makarantun biyu akwai bambanci mai girma, wanda idan uba bai fahimce shi tun da wuri ba, la'alla sai shekara ta uku ya farga cewa ɗansa ya daɗe da ɓacewa a cikin aji, ko da yake kullum da safe yana ganin fitarsa.

Dattawanmu suna tuna zamanin da ƙasar Kazaure da ta Ɓaɓura suke cikin Lardin Kano, lokacin da yaron da ya gama elamantare, idan Allah ya sa yana cikin 'yan ƙalilan da aka zaɓa, akan kai shi Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, inda Malam Aminu Kano da Maitama Sule suka yi karatu. Makarantar kwana ce. Ita ke ciyar da yaro, ita ke tufatar da shi, ita ke tashinsa da asuba, ita ke hora shi, uba kuwa ba shi da wani aiki sai addu'a da jiran hutu. Daga baya abubuwa suka sauya. A 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowa, a 1982 aka soma aiki da tsarin da ya raba sakandare gida biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku, sannan a 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, aka kafa masa doka a 2004, wadda ta haɗa shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare ta mai da su shekara tara na tilas kuma kyauta. Ta haka makaranta ta matso kusa da ƙauye, ta zama ta jeka-ka-dawo, wannan kuwa alheri ne babba. Sai dai rabin aikin da Midil take yi a da, wato tarbiyya da lura da lokaci da tsare muraja'ar dare, ya dawo kan gida, kuma gidaje da yawa ba a taɓa gaya musu cewa ya dawo ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da dokar nan ta 2004 ta tanada. Uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, karo na farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Haka kuma ta hana karɓar kuɗin makaranta a waɗannan shekaru tara a makarantun gwamnati. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba, domin ba kasafai ake gurfanar da kowa a kai ba, na kawo shi ne don talaka ya san haƙƙinsa. Amma kyautar ba ta ɗauke wa uba ɗinkin kayan makaranta da takalmi da littattafan rubutu da biro da ɗan kuɗin tara ba. Idan kuwa ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka wani abu don gyaran rijiya ko benci, to, uba yana da ikon ya tambayi ranar da aka zauna aka yanke, ya kuma nemi rasit, ba tare da hayaniya ko mummunan zato ba.

Babban abin da ya sauya shi ne wannan. A firamare, bisa galibi, malami ɗaya ne yake riƙe da aji tun safe har tashi, ya san sunan kowane yaro da na ubansa, ya san wanda ya zo da yunwa, ya san wanda ba ya iya haɗa baƙi. A ƙaramar sakandare kuwa kowane fanni da malaminsa: na Turanci ya shiga ya yi kamar minti arba'in ya fita, na lissafi ya shigo, bayansa na kimiyya, haka har a zaga fannoni wajen goma, da suka haɗa da Hausa da Larabci da ilimin addinin Musulunci da zaman jama'a da aikin gona da kasuwanci da kwamfuta. Malamin da yake zagaya azuzuwa biyar ko shida, kowanne cike da yara, ba zai iya sanin halin kowa ba ko da ya so, musamman a makarantun karkara inda ƙarancin malamai kan sa mutum ɗaya ya ɗauki fanni biyu ko uku. Saboda haka yaro mai shiru, wanda ba ya faɗa ba ya rashin kunya, yana iya zama a bayan aji shekara guda cur bai fahimci kome ba, babu wanda ya lura. Akwai dai mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin kowane aji, shi ne malamin aji, wanda yake kiran suna yake kuma cika katin sakamako. Wajibi ne uba ya san sunansa, ya je ya gaishe shi tun a makonnin farko, ya karɓi lambar wayarsa, domin malami mutum ne, yaron da ya san ubansa ba ya zama daidai da saura a idonsa.

Sai batun harshe, wanda a ganina shi ne ramin da yaranmu suka fi faɗawa. A firamare malamai sukan yi bayani da Hausa, yaro ya gane, ya amsa da baki. A nan kuwa littattafai da allo da jarrabawa duk da Turanci suke, in ban da darasin Hausa da Larabci, yaron da bai iya karatu da kansa ba sai ya koma kwafar abin da ke kan allo baƙi bayan baƙi, kamar mai zana ƙwarya, littafinsa ya cika tsaf amma bai san abin da ya rubuta ba. Gwajin wannan ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar uba ya yi boko: a ba yaro shafi ɗaya na littafin Hausa ya karanta da ƙarfi a tsakar gida. Idan ya zarce babu tuntuɓe, alhamdu lillahi, sai a sa wani yayansa ya gwada shi da Turanci. Idan kuwa yana tsayawa yana lalube, to kada a doke shi, kada a kunyata shi gaban ƙannensa, domin ba lallai laifinsa ba ne; a nemi malamin aji tun a zangon farko, a samo wanda zai zauna da shi rabin awa kullum bayan la'asar. A shekarar farko wannan ciwo yana jin magani cikin watanni kaɗan, amma idan aka bar shi ya kai aji uku, yaro ya riga ya yanke ƙauna, ya soma ganin makaranta wurin wulaƙanci.

Haka kuma a sani cewa maki ba a ranar jarrabawa kaɗai ake samunsa ba. Wani kaso yana fitowa daga gwaje-gwaje da aikin gida da ake bayarwa a tsakiyar zango, sauran kuma daga jarrabawar ƙarshe, don haka wanda ya yi fashin mako biyu ya yi asarar abin da ba ya maiduwa. A nan ne yanayin ƙasarmu yake karo da jadawalin makaranta. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, lokacin yankan gero da cirar gyaɗa da kakkaɓar riɗi, zango na uku kuma yana haɗuwa da shuka da noman farko. Tsakaninsu ga cin-rani, wanda yakan ja yaran da suka ɗan tasa daga ƙauyukan Ɓaɓura da Gwiwa zuwa Kano ko Kudu. Ba wanda zai ce wa manomi kada ɗansa ya taya shi aiki, domin da gonar ake ɗinka rigar makarantar, kuma yaron da bai san fartanya ba a ƙasar nan an cuce shi. Abin da ake roƙo shi ne a mai da aikin zuwa yamma da Asabar da Lahadi, a bar masa safiya. Ranar kasuwa ma haka, domin yarinyar da ake ɗora wa talla rana ɗaya a kowane mako ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na karatunta, kuma tunda jadawali ba ya sauyawa, darussa iri ɗaya take rasawa kullum.

A ƙarshen shekara ta uku akwai jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wadda da ita ake wucewa babbar sakandare, a can kuma ake rabuwa: wasu kimiyya, wasu fasaha da sana'a, wasu adabi ko kasuwanci, wasu makarantun Larabci. Yaron da lissafinsa ya lalace tun aji ɗaya, ƙofar kimiyya ta rufe masa tun bai san akwai ta ba. Abin takaici ne a ce ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga cibiyar koyon kwamfuta a garin, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021, amma ɗan gari ya kasa shiga saboda ba shi da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, ya koma sayar wa ɗaliban da suka zo daga nesa ruwa da katin waya.

Makaranta tana da al'adunta, waɗanda sabon shiga zai tarar: taron safe, kiran suna, shara, hukuncin makara, da ɗaliban da aka naɗa su lura da 'yan'uwansu. Galibinsu horo ne mai kyau. Amma akwai manyan yara masu ƙwace wa ƙanana kuɗin tara ko su sa su aikin da ba na makaranta ba, kuma yaro ba ya faɗa, sai dai ka ga ya soma ciwon ciki kowace safiya. Idan malami ya yi hukuncin da ya wuce kima, kada uba ya tafi aji da fushi ya ci mutuncinsa gaban ɗalibai. A je wurin shugaban makaranta, in abin ya faskara a kai ga kwamitin kula da makaranta, wanda yawanci akwai mai gari ko wakilinsa da liman da wakiliyar mata a cikinsa.

Waɗannan shekaru uku su ne shekarun balaga, inda yaro yake zama mukallafi a shari'a, yake kuma fara jin maganar abokai fiye da ta gida. A lura da wanda yake tafiya da shi, da lokacin dawowarsa, da wayar da ake ba shi aro, da abin da ake sha a bayan gari. Ita kuwa 'ya mace, a nan take fara al'ada, kuma 'yan mata da yawa suna fashin kwanaki a kowane wata saboda kunya da rashin ƙyalle mai tsabta da rashin kewaye a makaranta. Wannan aikin uwa ne, ta yi mata bayani tun kafin abin ya zo, kamar yadda za ta koya mata hukuncin tsarki da salla. Idan hanya tana da nisa, 'yan matan unguwa su tafi tare su dawo tare. Wanda kuma yake ganin karatun mace ɓata lokaci ne, ya tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ita ta tsara 'yan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ya kuma tuna cewa ranar da haihuwa ta zo wa matarsa da gardama, mace yake nema ta duba ta a asibiti. Islamiyya da makarantar allo ba a ce a bar su ba, ko kusa. A daidaita lokaci kawai, yadda yaro zai sami hutawa da sa'a guda ta muraja'a tsakanin magariba da kwanciya.

Uban da bai yi boko ba yakan ce, to ni me zan duba? Akwai da yawa. Ya karɓi littattafan rubutu a ƙarshen mako ya ga ko shafuka sun ƙaru, ya ga ko akwai jan biron malami a ciki, domin littafin da ba jan biro ko dai yaro ba ya miƙa aiki ko malami ba ya dubawa, kowanne kuwa ya cancanci tambaya. Lambobi ba su da wuyar ganewa: a katin sakamako ana rubuta kwanakin da aka buɗe makaranta da kwanakin da yaro ya halarta, idan na biyun ya gaza na farkon da yawa alhali kullum yana fita daga gida, akwai inda yake tsayawa a hanya. Kada uba ya tsaya ga tambayar na nawa ya zo, domin na biyar a ajin da ba a karatu bai kai na ashirin a ajin da ake yi ba. Ya sa a karanta masa makin Turanci da na lissafi daban, ya ajiye katin a cikin akwati, idan na zango na biyu ya zo ya ɗora su gefe da gefe.