Cika Kwanson Harsashi a Gida: Arahar da Ba Ta Biyan Maharbi

Da kaka ta yi a ƙasar Gobir, zabin daji da fakara kan fito kiwo a gonakin da aka girbe, tun daga fadamun Rima a Sabon Birni har zuwa bakin dajin Gundumi ta wajen Isa. Lokacin maharba ke nan. Sai dai harsashin bindiga mai baki biyu galibi daga waje ake shigo da shi, ga tsada ga wuyar samu, shi ya sa wasu ke tsince kwanson da aka harba su sake ɗura masa albarushi da dalma a gida. A ido abin kamar tattali ne, amma in aka auna, hasararsa ta fi ribarsa.

Masu kare dabarar kan ce ai a Amurka ma ana yi. Gaskiya ne, amma can maharbi na sayen albarushin kamfani mai suna da lamba, yana da sikeli da littafin awo da aka gwada a ma'aikata. Albarushin da ke cikin harsashi ɗaya bai cika giram 2 ba, ƙarin da ido ba ya gani kuwa na iya fasa bututun bindiga a hannun mai ita. Wasu kuma su ce kakanninmu da hannu suke ɗura bindigar toka. Ita wannan da baƙin albarushi take aiki, wanda ƙarfinsa bai kai na zamani marar hayaƙi ba, kuma duk da haka ta sha raba maharba da yatsunsu. Wanda ya haɗa kwanson zamani da awon kirdado ya ɗauki haɗarin biyun gaba ɗaya.

Sai batun dalma. Narka ta a tsakar gida, kusa da murhun girki, na barin ƙurar da yara ke shaƙa suna kai wa baki. Maƙwabtanmu Zamfarawa sun ga illarta a 2010, lokacin da gubar dalma daga daka duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ƙwayoyin dalmar da suka maƙale a naman zabo ma cikin miya suke ƙarewa. Saboda gubar ne Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991.

Hujja mafi nauyi ta masu kare dabarar ita ce ta tsaro. Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, waɗanda suka ga an sace Sarkin Gobir na Gatawa aka kashe shi a 2024, ba za a raina damuwarsu ba. Amma dokar makamai ta 1959 ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane ƙera harsashi, kuma jami'in da ya tarar da tarin kwanso da albarushi a ɗaki da wuya ya yarda cewa na fakara ne. Harsashin tsuntsu kuma ba ya tare mai AK-47.

Abin da ya kamata shi ne sarakunan baka da hakimai su nemi hukuma ta yi wa maharban gaskiya rajista, ta buɗe musu halastacciyar hanyar sayen harsashi daidai bukata. Kafin hakan, tarko da asuta sun fi rufa wa mai neman zabo asiri.