Elektron da Iyakar Awo

Wanda ya tsaya a bakin titi a unguwar Barnawa da ke Kaduna yana kallon Keke Napep na wucewa zai iya faɗin abu biyu a lokaci guda: ga inda keken yake, ga kuma gudun da yake yi. Da haka muka saba. Elektron kuwa, ƙwayar nan mai ɗauke da lantarki a cikin kowace zarra, ba ta bin wannan tsari.

A 1927 wani Bajamushe ɗan shekara 25, Werner Heisenberg, yana aiki a cibiyar Niels Bohr da ke Kofenhagen, ya nuna cewa gwargwadon yadda aka tantance wurin elektron, gwargwadon yadda ƙarfin tafiyarta, wato nauyinta sau gudunta, zai kuɓuce wa mai awo. Misalin da ya fara bayarwa shi ne na haske: in kana son ganinta sosai sai ka haska ta da haske mai ƙarfi, shi kuma ya bangaje ta.

A ganina wannan misali ne ke ɓatar da ɗalibai, har su zaci laifin na'ura ne. Maganar ta fi nan zurfi, domin elektron tana da halin igiyar ruwa, kamar yadda sauti ma yake da shi. Saurari mai algaita: in ya ja busa, kunne zai kama amon sarai, amma sautin ya bazu cikin lokaci, ba ka cewa ga ƙiftawar da ya faru. Tafi ɗaya kuwa ka san lokacinsa daidai, sai dai ba shi da takamaiman amo. Ba gazawar kunne ba ce, haka sauti yake. Haka ma wuri da ƙarfin tafiya suke ga elektron.

Iyakar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ba a jin ta a kan keke ko ƙwallo. Amma faɗin zarra kusan kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita, kuma elektron da aka tsare a wuri irin wannan, rashin tabbas a gudunta ya haura kilomita 500 a sakan ɗaya. Ƙara matse ta, ƙara tsananta motsinta. Wannan ne ya hana ta rubzawa cikin cibiyar zarra, zarra ta riƙe girmanta, ƙarfe da siminti suka sami jiki, har gadar kogin Kaduna take ɗaukar motocin da ke tsallakowa zuwa Barnawa kowace safiya.