Nas ɗin ƙwaƙwalwa da mai jinyar gida

A ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, likita kan zo zagaye ya wuce, nas ce ke kwana da marar lafiya. Ita ke haska masa tocila a ido, ta kira sunansa, ta ce ya damƙe mata yatsu. Daga buɗe idonsa da maganarsa da motsinsa take ba shi maki tsakanin 3 da 15, bisa ma'aunin Gilasgo da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. In makin ya faɗi da tsakar dare, ita ce farkon wadda za ta gane ƙwaƙwalwa na kumbura, ta tashi likita.

Farfesa Sandy Middleton ta ƙasar Ostireliya nas ce da ta haɗa jinya da koyarwa da bincike. Ita da abokan aikinta sun yi gwaji a sassan jinyar shanyewar jiki 19 na jihar New South Wales, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2011. Abin da suka ɗora wa nas-nas bai wuce uku ba: a riƙa auna zafin jiki a sauke zazzaɓi, a sa ido kan sukarin jini, kada kuma a ba marar lafiya ci ko sha sai an gwada haɗiyarsa. Bayan kwana 90, waɗanda suka rasu ko suka kasa yi wa kansu hidima kashi 42 ne cikin ɗari a inda aka bi tsarin, 58 a inda ba a bi ba. Ba da wani sabon magani aka samu wannan rata ba.

Batun haɗiyar nan ne ya fi tsaya mini a rai, don a asibitocinmu ɗan'uwa mai jinya ke ba da abinci. Sai ka ga 'ya ta tallafo kan mahaifinta tana ɗura masa kunu, tana cewa, "Baba, daure ka ƙara ko cokali ɗaya." Tausayi ne tsantsa. Amma in cutar ta taɓa maƙogwaro, kunun kan zarce huhu, wani lokaci ko tari ba zai yi ba, daga nan sai ciwon huhu ya biyo baya. Wa ya taɓa gaya mata?

Bayan sallama kuwa nauyi kacokan kanta zai koma: juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya, wanka, motsa gaɓoɓi, maganin hawan jini. Gajiyarta ma ana iya aunawa, tun 1980 Steven Zarit na Amurka ya tsara tambayoyin yin haka.

Ina kira ga makarantun koyon aikin jinya da asibitocin koyarwa su horar da nas-nas a wannan fanni, su kuma wajabta musu zama da mai jinya kafin sallama, a nuna mata komai da hannu, ta gwada a gabansu.