Mazaunin Faifai Mai Gurbi Huɗu: An Samu Wurin Ajiya, Saura Tsaro

Duk wanda ya saba shiga ɗakunan tace fina-finai na titin gidan Zoo a Kano, ko shagunan masu ɗaukar bidiyon biki, ya san kukan da aka fi yi shi ne wurin ajiya ya cika. Kyamarar da ke ɗaukar hoton 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana cinye gigabayit 45 a awa guda. Idan aka haɗa kamu, ɗaurin aure, yini da walima, kafin a kai amarya laftof ya cika maƙil. Shi ya sa wani ɗan akwati ya fara samun gindin zama a kan teburan masu wannan sana'a: mazaunin faifan ajiya, mai gurbi biyu ko huɗu, wani ma biyar.

Aikinsa ba wuya. Ana ɗauko faifan cikin kwamfuta tsirararsa, a soka shi a gurbi kamar yadda ake sa kaset a rediyo, haƙoransa na SATA su kama, sai kebul ɗin USB guda ɗaya ya kai komai ga kwamfuta. Yana karɓar babban faifai mai inci 3.5 da ƙarami mai inci 2.5. Ribar a bayyane take: faifan tsohuwar kwamfutar da ta mutu yana iya komawa bakin aiki. A 1956, faifan farko da kamfanin IBM ya fitar tulin faya-fayai 50 ne, kowanne mai faɗin inci 24, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 5 ba. Yau matashi a Fagge yana jera faifai huɗu masu terabayit 4 a gefen tebur, ya mallaki terabayit 16.

Sai dai duk guraben nan ƙofa ɗaya suke bi. USB 3.0, wanda ya fito a 2008, yana da gudun gigabit 5 a rubuce, amma a aikace abin da ake samu bai cika wuce megabayit 400 da ɗoriya cikin daƙiƙa ba. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana iya kai megabayit 200 shi kaɗai. Biyu za su wuce lafiya, huɗu kuwa sai an yi layi. Wanda ya soka kebul ɗin a tsohuwar kafar USB 2.0, to ya shirya kwana yana jiran kwafi.

Wuta ita ce babbar jarrabawa a wajenmu. Babban faifai yana buƙatar bolt 12, kuma ya fi jan wuta a lokacin da yake tashi, don haka mazaunin ke zuwa da adaftarsa. Kada a musanya ta da wata mai araha daga kasuwa, araha ba ta ado. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa, wani lokaci faifan gaba ɗaya ya ƙi buɗewa. Saboda haka ni a ganina wanda ba zai iya haɗa mazaunin da UPS ko inbata ba, bai gama sayayya ba tukuna. Ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40, alhali yawancin faifai iyakarsu wajen digiri 60 ce, ga ƙurar hunturu da ke shiga gurbin da aka bari a buɗe. A nemi mai fanka, a rufe shi idan an tashi, kuma kada a zare faifai yana juyi. A sallame shi daga kwamfuta, a jira ƙugin nan ya tsaya.

Akwai wani maɓalli da ke jikin yawancin masu gurbi biyu, mai kwafe faifai zuwa faifai ba tare da kwamfuta ba. Yana da amfani ƙwarai, yana kuma da haɗari. Duk abin da ke cikin faifan da za a zuba wa sai ya goge, kuma dole girmansa ya kai na asalin ko ya fi. Wanda ya juya su, ya sa na aiki a gurbin karɓa, ya shafe aikin shekara da yatsa ɗaya. Alƙalami da ɗan salatif sun isa magance wannan: a rubuta wa kowane faifai suna da kwanan wata.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cika guraben huɗu da aiki huɗu daban-daban, kowanne kwafi ɗaya tak. Yawancin waɗannan akwatuna suna nuna kowane faifai zaman kansa ne, babu mai riƙe wa wani. Ko mai tsarin RAID 1, wanda ke rubuta abu ɗaya a faifai biyu, idan ka goge fayil bisa kuskure zai goge a duka biyun. A 1998 kamfanin Pixar ya kusa rasa fim ɗin Toy Story 2 sakamakon umarnin gogewa da aka bayar cikin kuskure, kwafin ofis kuma ya ƙi aiki. Abin da ya cece su kwafi ne da ke kwamfutar wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida bayan ta haihu. Masana ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gini daban. Mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba, sun san abin da wuta ke yi wa shago cikin dare ɗaya.

Abin da ke cikin faya-fayan nan ba na mai shago kaɗai ba ne. Akwai tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, akwai hawan Sallah, akwai muryar kaka a bikin jikarta. Mai tace fim, mai ɗaukar biki, ma'aikacin gidan rediyo, don Allah idan ka sayi mazauni mai gurbi huɗu, ware gurbi ɗaya domin kwafi, kuma duk ranar Alhamis ka zare wannan faifan ka tafi da shi gida.